Idan Inji Ya Buga, Wa Zai Biya?

 

Duk wanda ya taɓa mallakar mota ya san akwai gyara, akwai kuma gyara. Canjin fulogi, ko takalmin birki, ko batir, wannan hidimar yau da kullum ce, mutum ya cije ya biya ya kama gabansa. Amma ranar da bakanike ya goge hannunsa ya ce, "Alhaji, sai haƙuri, inji ya buga," ko ya ce giyabos ya ƙone, ko kwamfutar motar ta mutu, to an shiga wani babin dabam. A motoci da yawa irin wannan gyara a yau yakan tasam ma naira miliyan, wani lokacin ya haura. Daga nan tambaya ɗaya ce ke tasowa: wa zai biya? Wanda ya ƙera motar, ko wanda ya sayar da ita, ko kamfanin inshora, ko kuwa mai motar shi kaɗai?

A Amurka da Turai an gina babbar kasuwa a kan wannan tambaya. Suna sayar da abin da ake kira ƙarin garanti, wato ka biya kuɗi tun mota na lafiya, a yi maka alkawarin ɗaukar nauyin babban gyara in ya taso. Yau za mu duba yadda wannan ciniki yake, inda ya yi amfani da inda ya cuci mutane, sannan mu dawo gida mu ga abin da ya dace da mu. Ra'ayina a bayyane yake tun daga farko: maganar wanda zai biya kuɗin gyara magana ce da ya kamata a gama ta a rubuce kafin kuɗin mota ya bar hannun mai saye. Duk ranar da aka bar ta sai mota ta tsaya a hanya, mai ƙaramin ƙarfi ne zai kwana a ciki.

Me ya sa batun ya ƙara nauyi a wannan lokaci? Dalili biyu ne. Na farko kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yunin shekarar, dalar da ake canzawa a hukumance kan naira 460 da ɗoriya ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Kayan gyaran da ke Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja, da Ladipo a Legas, mafi yawansu daga waje suke zuwa, da dala ake sayo su. Na biyu kuwa ita kanta motar ce ta canza. Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, kusan kowane bakaniken gari yana iya sauke injinta ya mayar. Motar yanzu giyarta da kanta take canzawa, cikinta cike da na'urori masu aika saƙo ga kwamfuta, abu ɗaya ya samu matsala sai ta ƙi tashi gaba ɗaya. Shi ya sa a unguwanninmu kake ganin motoci a ƙofar gida an lulluɓe su da tamfol, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi. Ba ƙin gyara masu su suka yi ba, hali ne babu. Idan kuma motar haya ce, tsayuwarta tsayuwar tukunyar gida ce, ga mai mota yana jiran balas, ga 'ya'ya suna jiran kuɗin makaranta.

Kafin mu yi nisa, akwai abubuwa uku da mutane ke cakuɗawa, ya kamata mu raba su.

Na farko shi ne garantin kamfanin da ya ƙera mota. Wannan yana zuwa da sabuwar mota ne, kuɗinsa yana cikin farashinta. Kamfanin Toyota a Amurka, alal misali, yana ba da shekara 3 ko tafiyar mil 36,000 a kan motar baki ɗaya, da shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya, duk wanda ya riga cika. Abin da wannan garanti ya ɗauka shi ne kuskuren ƙira. Bai ɗauki hatsari ba, bai ɗauki sakaci ba.

Na biyu inshora. Wadda doka ta wajabta a Najeriya, wadda hukumar NAICOM ta ƙara kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun farkon 2023, ba motarka take gyarawa ba. Ɓarnar da ka yi wa wani take biya, har zuwa naira miliyan 3 idan dukiyarsa ka lalata. Ita kuwa cikakkiyar inshora, tana ɗaukar hatsari da gobara da sata. Amma ku saurara da kyau, domin nan ne mutane da yawa suke shan mamaki: ko cikakkiyar inshorar ba ta biyan injin da ya buga da kansa, ko giyar da ta ƙone a kan hanya. Lalacewar da ta taso daga cikin mota an cire ta daga lissafin.

Wannan giɓi da ke tsakanin biyun shi ne abu na uku ya zo cikewa, wato ƙarin garanti. Yarjejeniya ce dabam da ake saya da kuɗi dabam, ta fara aiki bayan garantin kamfani ya ƙare, ko a ɗora ta kan motar hannu. Wani lokacin kamfanin motar ne da kansa yake sayarwa, wani lokacin dillalin mota, wani lokacin kuma wani kamfani can da bai taɓa ƙera ko da ƙusa ba. Bambancin waɗannan ukun ba ƙarami ba ne, domin alkawari darajarsa tana ga wanda ya ɗauke shi.

To yaya lissafin yake? Kamfani yana tara kuɗi daga mutane dubbai, ya san a cikinsu kaɗan ne injinsu zai buga a tsawon yarjejeniyar. Daga abin da aka tara ake biyan gyaran waɗannan kaɗan ɗin, a biya dillalin da ya kawo ciniki kamashonsa, wanda yakan zama kaso mai tsoka, a biya ma'aikata da talla, a fitar da riba. Saboda haka idan aka haɗa masu saye gaba ɗaya, abin da suka zuba dole ya fi abin da ya dawo masu, in ba haka ba kamfanin ya rufe. Wannan ba zamba ba ce, haka tsarin yake. Abin da mutum yake saya shi ne kariya daga bugu ɗaya mai kayar da shi. Wanda ke da ajiyar da zai iya canza inji ba tare da ya sayar da fili ba, sau da yawa ajiyarsa ta fi masa. Wanda kuwa gyara ɗaya zai iya raba shi da sana'arsa, shi ne mai buƙatar kariyar, kuma abin takaicin shi ne, shi ne wanda kuɗin sayenta ya fi yi wa nauyi.

Daga nan sai sharuɗɗa, waɗanda ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe a shafukan da ba a cika karantawa ba. Yarjejeniyar iri biyu ce. Akwai wadda take lissafo sassan da aka ɗauka, duk abin da ba ya cikin jerin ba ruwansu da shi. Akwai wadda take cewa an ɗauki komai sai abin da aka cire da suna. Ta biyun ta fi faɗi, ta fi tsada kuma. A duka biyun ba a ɗaukar abin da ke cinyewa da aiki, kamar taya da batir da takalmin birki da farantin kuloci. Ba a ɗaukar ciwon da motar ta zo da shi kafin a sa hannu, shi ya sa da yawa suke sa lokacin jira, kamar kwana 30 da tafiyar mil 1,000, kafin alkawari ya fara aiki. Dole mai mota ya nuna rasit na kowane juyen baƙin mai, in babu rasit a ce sakacinsa ne. Dole a kira kamfani ya amince kafin bakanike ya taɓa motar. Idan aka buɗe inji domin bincike aka ga matsalar ba ta cikin jerin, kuɗin buɗewa da mayarwa a wuyan mai mota yake. Akwai kuma kason da zai fara biya daga aljihunsa a kowane gyara, da iyakar da kamfani ba zai wuce ba, wadda takan tsaya a darajar motar.

Akwai wani sharaɗi da ya fi kowanne cin mutane. A ce robar lagireto ta fashe, ruwa ya zube, mota ta ɗauki zafi, direba bai lura ba ya ci gaba da tafiya har gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe. Kamfani zai ce robar ba ta cikin abin da ya ɗauka, ɓarnar da ta biyo baya kuma laifin wanda bai tsaya ba ne. Abin da bai kai komai ba ya jawo asarar inji, takardar da ke hannun mai mota kuma ba ta amsa masa ba.

Yanzu ku ɗora waɗannan sharuɗɗa a kan rayuwarmu. Irin wannan yarjejeniya takan cire motar haya, takan cire ɓarnar ambaliya, takan cire gurɓataccen mai, takan cire duk wani sauyi da aka yi wa inji ba da izinin kamfani ba. Mu kuwa ba mu manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, kamfanin mai na ƙasa ya tabbatar da hakan, masu motoci suka yi ta kokawa kan injinansu. Ga damina da ke mayar da titunanmu koguna. Ga mutane suna ta mayar da motocinsu masu amfani da iskar gas ta CNG saboda tsadar fetur. Ga kuma juyen mai a bakin titi, wanda ba a san shi da rasit ba. Idan aka kwaso takardar Amurka yadda take aka kawo mana, kusan duk abin da ke kashe motocinmu yana cikin abin da aka cire.



Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Amurka tana da dokar garanti ta tarayya tun 1975, tana da hukumomi masu haƙora, amma duk da haka wannan kasuwa ta zama matattarar 'yan damfara. Wani kamfani mai suna US Fidelis a jihar Misuri ya taɓa zama cikin manyan masu sayar da irin wannan yarjejeniya a ƙasar. A 2010 ya durƙushe, 'yan'uwa biyun da suka mallake shi suka ƙare a gidan yari, mutanen da suka biya kuɗi aka bar su riƙe da takarda. Bayan haka aka shiga zamanin kiran waya na na'ura, murya ta ce maka garantin motarka ya kusa ƙarewa, ka yi maza ka sabunta, alhali mai kiran bai ma san irin motarka ba. A watan Agustan 2023 hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta ci wani gungu tarar kusan dala miliyan 300, bayan ta gano sun yi kira sama da biliyan 5 cikin wata uku kacal a 2021. A watan Yulin 2024 kuma kamfanin CarShield, wanda ya shahara da talla a talabijin, ya amince ya biya dala miliyan 10 domin sasanta ƙarar da hukumar kasuwanci ta FTC ta shigar, tana zarginsa da tallan da ke sa mutane su ɗauka za a biya masu gyaran da ba a biya. Idan haka ta faru a inda ake da wannan sa ido, mu da muka saba da saƙonnin 'yan damfara a wayoyinmu, ya kamata mu shirya tun kafin abin ya yaɗu.

Amma adalci shi ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Garanti na gaskiya abu ne mai kyau ƙwarai, musamman idan ya fito daga wanda ya ƙera motar. A 1998 kamfanin Hyundai, a lokacin da Amurkawa ke kallon motocinsa a matsayin masu araha marasa ƙarko, ya fito da garantin shekara 10 ko mil 100,000 a kan inji da giya. Wannan alkawari ya dawo masa da masu saye, ya kuma tilasta masa gyara aikinsa, domin duk injin da ya lalace daga aljihunsa za a biya. Amfanin garanti ke nan tun asali. Yana ɗora asarar aibi a kan wanda ya fi kowa sanin aibin, wanda kuma yake da ikon kawar da shi.

Haka nan idan aibi ya bayyana a wata ƙira, kamfanoni kan tsawaita alkawari da kansu. Nissan ta ninka garantin giyarta samfurin CVT zuwa shekara 10 ko mil 120,000 a motocin 2003 zuwa 2010, irin su Murano da Altima. Toyota ta yi shirin gyara na musamman har shekara 10 ko mil 150,000 saboda shan baƙin mai a injin silinda huɗu na Camry ƙirar 2007 zuwa 2009, wadda muka fi sani da Muscle. A 2015 Hyundai ta janye Sonata kusan 470,000 ƙirar 2011 da 2012, saboda ɓurɓushin ƙarfen da ya rage cikin inji tun daga masana'anta yana iya toshe hanyar mai.

Ku lura da sunayen nan. Murano, Altima, Muscle, Sonata. Su ne cike da titunan Kano da Kaduna da Sakkwato da Maraɗi. Aibin yana ƙetare teku ya iso mana, alkawarin gyaran kuwa can yake tsayawa, domin shekarunsa sun cika, ko kuma an rubuta cewa a ƙasar da aka sayar da motar yake aiki. Da yawa daga cikin motocin da muke kira Beljiyam ko 'yan Kwatano daga gwanjon kamfanonin inshora aka sayo su, bayan hatsari ko ambaliya, kuma da zarar an yi wa mota rajistar wadda ta lalace, galibi garantinta ya faɗi. A nan za a yi mata fenti, a wanke inji ya yi ƙyalli, wani lokacin a rage lambar tafiyar da ta yi. Mai saye ya zagaya da ita sau ɗaya, a yi ciniki, dillali ya karɓi la'adarsa. Bayan sati biyu giya ta fara fizga, ya koma, a ce masa, "Ai kai ka gwada da hannunka, lafiya lau ka fita da ita."

Wannan magana ita ce nake ganin bai kamata mu ci gaba da karɓa ba. Wasu za su ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, tsohuwar mota dole ta nemi gyara. Gaskiya ne. Babu mai hankalin da zai nemi dillali ya lamunce masa motar shekara goma sha biyar har abada. Amma tsufa dabam, ɓoyayyen aibi dabam. A Ingila, dokar 2015 ta ba wanda ya sayi mota a hannun ɗan kasuwa damar mayar da ita cikin kwana 30 idan tana da aibi, kuma idan matsala ta fito cikin wata 6 na farko, mai sayarwa ne zai tabbatar da cewa ba da ita ya sayar ba. A Amurka tun tsakiyar shekarun 1980 an wajabta wa dillalin motocin hannu ya manna takarda a gilashi mai bayyana ko akwai garanti ko kuwa yadda ka gan ta haka za ka ɗauka. Mu ma ba mu rasa doka ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ba su kai ingancin da ya kamata ba cikin wata 3, a gyara, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Sai dai wanda ya biya miliyoyi ba tare da rasit mai ɗauke da bayanin motar ba, da me zai je gaban hukuma?

Kafin duk waɗannan dokoki, addininmu ya riga ya yi magana. Ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma malaman fiƙihu sun tabbatar wa mai saye zaɓin mayar da abin da ya saya idan ya gano aibin da ya riga ciniki, wanda ba a bayyana masa ba. Dillalin da ya zuba mai kauri a inji domin ya danne ƙarar da yake yi, ko ya goge fitilar gargaɗi da na'ura kafin mai saye ya iso, ya sani ba wayon kasuwa ya yi ba, haƙƙin mutum ya ɗauka.

Shi kuwa ƙarin garantin da ake saya da kuɗi, malamai sun yi bayani a kansa. Da yawa suna ganin idan mai sayar da motar ne ya haɗa shi cikin cinikin tun farko, babu laifi, domin ya zama ɓangaren cinikin. Idan kuwa wani kamfani ne dabam ya karɓi kuɗi a kan abin da ba a san zai faru ko ba zai faru ba, suna ganin ya shiga hukuncin inshorar kasuwa, saboda rashin tabbas ɗin da ke cikinsa. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwa ba ta halatta ba, ta kuma nuna mafita, wato tsarin taimakekeniya. Shi ne takaful, wanda aka fara kafa kamfaninsa a Sudan a 1979, kuma NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a Najeriya a 2013. Yau muna da kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Wanda abin ya shige masa duhu ya tambayi malaminsa kafin ya sa hannu.

To ina mafita? Zan yi magana da mutum huɗu.

Kai mai shirin sayen mota, garantinka na farko shi ne binciken da ka yi kafin ka biya. Mai sayen sa a kara ba ya yarda da kyan fata, sai ya buɗe baki ya ga haƙori, ya sa an ja shi ya ga tafiyarsa. Kowace mota tana da lambar jiki mai baƙaƙe da alƙaluma 17, ana iya bincika tarihinta a intanet a ga ko ta yi hatsari, ko ta sha ruwa, da tafiyar da ta yi kafin ta baro can. Motocin Amurka daga 1996 suna da wurin jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari. Ka je da bakanikenka, ba wanda dillali ya nuna maka ba. A tayar da motar da safe inji na sanyi, a yi tafiya mai nisa har ta ɗauki zafi, a ji yadda giya ke shiga. Kada kuma ka ƙarar da kuɗinka kaf a kan farashi. Ka sayi wadda ta ɗan gaza ƙarfinka, ragowar ka ware ta a asusun gyara, kana ƙara wani abu duk wata. Ka riƙe littafi kana rubuta ranar kowane juye da lambar tafiya.

Ku dillalai da shugabannin ƙungiyoyinku, ina roƙonku ku fara ba da lamuni a rubuce, ko na kwana 30 ne, a kan inji da giya kawai, da sharuɗɗan da kowa zai gane, da Hausa. Wanda ya san motarsa lafiyayya ce ba abin da zai rasa, kuma kasuwa za ta bi shi, domin mutane sun gaji da sayen tsoro. Wanda ba zai iya ba, ya rubuta a rasit cewa babu lamuni, ya lissafa aibin da ya sani. Hakan ya wanke shi a wurin hukuma da wurin Allah.

Ku direbobin haya da ƙungiyoyin tasha, kuna da abin da kamfanonin waje ba su da shi: kun san junanku, kun san motar kowa da irin tuƙinsa. Mu ɗauki misali, direba 100 kowa ya zuba naira 5,000 a wata, a shekara an tara miliyan 6. A ajiye a banki da sa hannun mutum uku, a rubuta abin da asusun zai ɗauka da iyakarsa, a zaɓi amintattun bakanikai biyu masu tantancewa, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata uku. Kuɗin da ya rage na masu zubawa ne. Abin da ke kashe irin wannan asusu shi ne rashin rubutu da jin nauyin tambaya, saboda haka a fara da magance waɗannan biyun.

Ku kuma kamfanonin takaful da hukumar NAICOM, ga buƙata a fili. A tsara kariyar babban gyara da ta san hanyoyinmu da manmu da motocin hayarmu, a duba mota kafin a karɓe ta, a yi aiki da garejin da aka tantance a garuruwanmu. A kuma sa ido kada kowa ya karɓi kuɗin jama'a da sunan garanti ba tare da lasisi da ajiyar da za ta biya ba.

Idan kuwa wani ya tallata maka ƙarin garanti gobe, a wurin sayar da mota ko ta waya, kada ka biya sai ka riƙe takardar a hannunka ka kwana da ita. Ka tambaye shi: wane ne zai biya, ina ofishinsa, wace hukuma ta ba shi lasisi? Me aka ɗauka, me aka cire? Wane gareji zan kai motar, kuma ku za ku biya bakanike ko ni zan biya in jira? Nawa ne iyakar abin da za ku biya? Idan na fasa, ko na sayar da motar, ina makomar kuɗina? Mai gaskiya zai amsa waɗannan ba tare da ɓata rai ba. Wanda ya ce sai yau, gobe farashi zai tashi, ka bar masa kayansa.

Jama'a, ƙarfe dole ya gaji, wannan babu mai hana shi. Abin da ke hannunmu shi ne kada asarar ta riƙa faɗawa kan mutum ɗaya a ranar da ba shi da komai, alhali akwai wanda ya san aibin ya yi shiru. A bincika kafin a saya, a rubuta abin da aka yi alkawari, a tara tun ana da hali, masu iko kuma su tsaya a kan dokar da suka kafa.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya sa albarka a abin hawanmu da sana'o'inmu.